Wanda Ya Musanya Turaren Jibrin

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Tabawa mai bandar kifi ta fito ƙofar gidanta a unguwar bakin ruwa ta Yelwa, hular mijinta marigayi a hannu, ta ce an yi mata sata.

Maƙwabta suka taru. Aka tambaye ta me aka ɗauka, ta ce turare. Aka ce ina kwalbar, ta ce tana cikin adaka inda ta bar ta. Aka ce wato an juye abin da ke ciki? Ta ce a'a, akwai turare a ciki, har ma ya ɗan fi na da yawa.

Wani tsoho mai gyaran komar kamun kifi ya ce shi kam yana roƙon Allah ya turo masa irin wannan ɓarawon.

Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hular, aka riƙa karɓa ana shinshinawa ana ba na kusa. Kowa ya ce ƙamshi ne mai daɗi.

"Ba daɗi nika tambaya ba," in ji ta. "Wanga ba shi ba ne."

Turaren yana da tarihi, kuma duk unguwar ta san shi. Shekarun baya wata Baturiya ta zo ƙidayar dorina a tafkin Kainji, Jibrin masunci, mijin Tabawa, ya yi rani guda yana tuƙa ta a kwalekwale. Dorina ba ta tsayawa a ƙirga ta. Ta nutse nan ta ɓullo can, sai a sake ƙirga ta. An ce akwai wata mai yagaggen kunne da ita kaɗai ta zama garke a lissafin Baturiyar. Da matar za ta tafi, ta ba Jibrin wata babbar kwalbar turaren maza da ta saya wa mijinta a Faris. Da alama zaman kan ruwa ya sa ta sake tunani game da mijin.

Murfin kwalbar ruwan zinare ne, sunan da ke jikinta kuwa ba ya furtuwa, sai aka sa wa turaren suna Mai Hula. Jibrin kan shafa shi ranar Juma'a. Da ya rasu, abin da ya rage bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Ɗiyarsu Zuliha, mai karatun jinya, ta duba a waya ta gano kamfanin ya daina yin sa tuntuni, ko a Faris ɗin babu. Wanda ke adakar Tabawa shi ne na ƙarshe da za ta gani a duniya. Duk safiyar Juma'a takan ɗiga ɗigo ɗaya a hular, ta rataye ta a ƙusa, ta yini tana banda tana leƙa ɗakin kamar akwai mai barci a ciki.

Da mai unguwa ya iso, ta yi masa bayani.

"Na Malam, da sahe ɓawon lemu ne. In rana ta yi tsaka, sai ya koma katakon jirgi da ruwa ya jiƙa. Da marece kuma ƙasa ce, ranar ruwan fari. Wanga kau, da sahe ya yaudare ni, na rantse shi ne. Kafin azahar ya zama alewa. Duba nan, har maiƙo ya bari ga hular."

Mai unguwa ya duba maiƙon, ya ce wannan ya fi ƙarfin zaman sulhu. A kira Mainasara.

* * *

Kafin Mainasara ya dawo daga Shanga, inda ya bi wata saniya da ta sace kanta, unguwar ta riga ta lalace. Kowa na shinshina kowa. A masallaci gaisuwar bayan salla ta yi tsawo, mutum ya riƙe hannunka yana tambayar iyali, hancinsa na kan kafaɗarka. A coci ranar Lahadi ma haka. Wani mai sayar da awaki ya yi wanka ba ranar kasuwa ba, sai da ya yini yana rantsuwa.

Mainasara mai bin sawu dattijo ne siriri, kullum kansa a sunkuye, har yara da yawa sun fi sanin tsakar kansa fiye da fuskarsa. Yakan dubi sawun akuya ya gaya maka tana da ciki. Ya taɓa bin sawun agwagwa har bakin ruwa, ya zauna jiranta, ta kuwa dawo. Aibinsa ɗaya: garin tabar da ya yi shekaru yana shaƙa ya kashe masa hanci. Turare da daddawa duk ɗaya suke a wurinsa.

"To amfanin mi za ka yi min?" in ji Tabawa.

"Innar Zuliha, ɓarawon da ƙafa ya shigo, ba da hanci ba."

Ya durƙusa a tsakar gidan ya fara karatu. Ga silifa ɗin Tabawa. Ga na Zuliha, mai saurin tafiya. Ga agwagi. Ga wani sawu mai faɗi, ba takalmi, babban yatsan ya buɗe gefe kamar yana gaba da 'yan'uwansa, ya shiga ɗakin ya fito.

"Wanga fa?"

"Enoch ne, abokin kamun kihin Malam. Tun suna samari jirgi guda suka shiga. Shi ya gyara min rufin ɗaki kafin damina, shi ya ɗauke min adakar ya mai da. Enoch ai ɗan gida ne."

Mainasara ya tsallake sawun kamar yadda ake tsallake dokin ƙofa. Can kusa da gado ya ga wasu 'yan ramuka biyu-biyu, kamar an soka ƙusa a ƙasa.

"Takalmi mai tsini," in ji shi.

Tabawa ta juya ta dubi katangar maƙwabciyarta.

* * *

Maƙwabciyar, Grace, tela ce, ita ke jagorantar mawaƙan coci, kuma ita kaɗai ke da takalmi mai tsini a unguwar da rabinta yashi ne. Mainasara ya tarar da ita tana taka keken ɗinki. Ba ta tsaya ba.

"Na ji an ce ran Lahadi kin cika coci da ƙamshi, Maman Miracle."

"Na cika. Ka zo ne ka shinshina? Ai an ce ba ka da kayan aiki."

"An ce irin na Jibrin ne."

"Irin nashi ne, ba nashi ba." Ta janyo wata 'yar kwalba daga cikin ƙyallaye ta dangwara a kan keken. "Wurin Nura mai turare na saya. Ƙanen Mai Hula sunansa. Rabin matan unguwar nan suna da shi, ni ce dai ba na ɓoyewa."

"To mi ya kai takalminki bakin gadonta?"

Nan ta tsai da keken.

"Labule na je aunawa. Labulen da ta roƙe ni. Baba Mainasara, duk zaman takabar matar nan ni na dafa mata abinci. Ni na wanke mata kaya. Yanzu in na fito shanya sai ta ɗaga hanci kamar kare ya ji zomo. Ka gaya mata in turaren mijinta nake so, da tun tana kuka na ɗauka, ba ta gani."

Ta ci gaba da ɗinki da ƙarfi, har allura ta karye.

* * *

Shagon Nura na cikin kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da irin albasa. Kwalabe ne jere har rufi, shi kuma yana zaune da sirinji a hannu yana haɗa wannan da wancan kamar malamin asibiti.

"Baba, ni ban saci komai ba. Kwaikwayo na yi, kuma kwaikwayo ba laifi ba ne."

"Ina ka samu na asalin har ka kwaikwaya?"

Nura ya sosa ƙeya. "Zuliha ta kawo shi bara. A gabanta na buɗe, na shaƙa, na rufe, ta mai da. Ta ce in na tsohuwarta ya ƙare, a samu abin maye gurbi."

"Ka kau dace?"

"Har na fi." Ya ɗauko kwalba ya ɗaga ta a haske. "Na Bature ruwa ne, iska ke sha. Nawa mai ne, yana kama tufa. Na Bature yana canza hali sau nawa a yini, kamar mai aljanu. Nawa abin da ka ji da safe, shi za ka ji har ya tafi. Babban abin kuma, nawa akwai shi. Turaren da babu shi, ina amfanin ƙamshinsa?"

"Tabawa ta ce naka alewa ne."

"Wa ya ƙi alewa? Tun da aka yi satar nan ma ban huta ba, kowa so yake ya ji abin da ake faɗa a kai. Mutum ɗaya ne ya taɓa kushe min shi, tun kafin wannan magana. Wani dattijo. Ya sayi biyu, ya dawo da ɗaya yana huci, wai ya gwada, ko kusa da shi ba su zo ba."

"Su wa?"

"Haba Baba. Don wa namiji ke sayen turare?"

"Wane ne shi?"

Nura ya ajiye sirinjin ya dafa ƙirji. "Mai turare kamar wanzami ne. Abin da ya gani a kan mutum, nan ya bar shi. In na fara faɗin dattawan da ke neman aure a ɓoye, gobe sai in koma sayar da albasa."

Wannan magana ta ɓatar da Mainasara mako guda. Ya bi sawun duk wani tsohon gwauro da ke unguwar. Ya gano wanda ke rina gemu, ya gano wanda ke zagayawa bayan gidan wata mai ƙosai ya kasa sallama, ya gano biyu da ke neman mace ɗaya ba su sani ba. Duk ya riƙe a cikinsa. Na Jibrin dai bai gano ba.

* * *

Da ya koma gidan Tabawa, uwa da ɗiya ba sa magana. Labarin zuwa shagon Nura ya riga shi isowa.

"Baba, ka gaya wa Inna ni ban juye komai ba," in ji Zuliha. "Tausayinta na ji."

"Gaya mata," in ji Tabawa, tana juya kifi a kan wayar banda, "tausayin da zai ɗauki ubanta ya kai kasuwa a shinshina, na gode."

Suna tsaye kusa da juna, hayaƙi ɗaya ke sa su hawaye, amma sai da Mainasara ya yi ta kai saƙo yana kawowa har wuyansa ya gaji.

Ya leƙa ɗakin. Ƙusar na nan, ba hula.

"Na ninke ta," in ji Tabawa a hankali, da Zuliha ta shiga ciki. "Ba satar ke ci na ba, Mainasara. Duk safiyar da gari ya waye, wani na can shina shafa shi ga wuyan da ba na Malam ba. Kana bin tsohhin banza, shi kau shina ƙarewa."

Mainasara ya sunkuyar da kai, wanda da ma a sunkuye yake, ya gangara bakin ruwa.

* * *

A bakin ruwa ya tarar da Enoch yana shafa wa kwalekwalensa sabon fenti. Enoch ƙaton mutum ne mai ƙaramar murya. Tun rasuwar Jibrin kamun kifi ya juya masa baya, har ana cewa da ma sa'ar ta Jibrin ce, shi tuƙi kawai ya iya. Ɗansa Philip ya daɗe yana matsa masa a sayar da jirgin a sayi babur.

"Jirgin da za a sayar ne aka yi wa kwalliya?" in ji Mainasara.

"An fasa. Ubangiji ya tuna da ni."

"Madalla. Mi kaka kamawa?"

"'Yan karfasa. Abin miya dai. Su nika kai wa matar abokina." Enoch ya dubi fentin, bai dubi Mainasara ba. "Ka samu ɓarawon?"

"Tukuna."

"Allah ya shirye shi. Wataƙila ma yana da dalili."

Mainasara ya yi sallama ya tafi, idonsa a ƙasa bisa al'ada. Sawun mai buɗaɗɗen yatsa ya kasu biyu daga bakin jirgin. Wanda ya nufi gidan Tabawa a sama-sama yake, sawun mutum mai ɗauke da 'yar ƙwarya. Wanda ya nufi tashar motocin Ngaski kuwa ya nutse cikin yashi har idon sawu, kamar mai shi ya goya ɗan maraƙi. Karfasar miya ba ta nutsar da ƙato haka.

Ya lura, amma bai san inda zai ajiye abin ba. Mutum na da ikon ɓoye arzikinsa. Ya tsaya yana kallon wata balbela da ke tsaye a kan kan wata dorina can nesa, yana tunanin ko ita ce mai yagaggen kunnen, har rana ta karkata.

* * *

Grace ce ta gaji da gabar. Wata safiya ta matsa wa wani direban motar Ngaski har ya sayar mata da tarwaɗa ɗaya daga cikin kifin da ake loda masa, ƙatuwa mai tsawon hannu, ta shigo da ita gidan Tabawa ta ajiye a faranti.

"Ga shi. Ban yi laifi ba, amma na gaji da shanya ina kallon bango."

Mainasara na zaune a kan turmi yana shan kunu. Tabawa ta dubi kifin, ta dubi Grace, ta ce, "Kin biya da tsada, na sani, ba ki iya ciniki ba." Wannan a wurinsu sulhu ne. Ta ɗauko wuƙa ta tsaga cikin tarwaɗar.

Sai hannunta ya tsaya.

Wanda ba ya jin ƙamshi yakan koyi kallon hancin mutane. Mainasara ya ga ƙofofin hancin Tabawa sun buɗe, ya ga kafaɗunta sun sauka, ya ga fuskarta ta koma ta wata mace da ya sani shekaru da yawa da suka wuce, mai tsayawa bakin ruwa da marece tana yi kamar wanki ta zo.

"Jibrin," in ji ta.

Zuliha ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Malam ne, ko maigidan, ko uban wance. Grace ma ta ja da baya, don ta san matar Bahaushe irin Tabawa ba ta kiran sunan miji, ko da shi ne ke nutsewa.

Mainasara ya ajiye kunun ya matso. A cikin tumbin kifin akwai dunƙulen dusa da bai gama narkewa ba, dusar jar dawa, da ɗan koren lawashin albasa a ciki. Ya juya kifin. Ba raunin ƙugiya a baki, ba shaidar koma a wuya. Da ƙafarta ta shiga, in ana iya cewa kifi na da ƙafa. Wato a gura aka kama ta, kejin nan da masunta ke nutsarwa da dusa a ciki.

"Shi ne?" ya tambaya.

"Shi ne. Na asalin. Har ya hi na kwalba."

"Wa ke sa lawashi ga dusar gura?"

Tabawa ta buɗe baki za ta ce Malam, ta rufe.

"Gobe da hantsi," in ji Mainasara, "a tara min kowa. A samo min daro babba, da tarwaɗa mai rai wadda ba ta karya ba."

* * *

Tsakar gidan ta cika tun kafin hantsi. Mai unguwa a kujera, Nura da kwalbarsa a aljihu, Grace da takalminta mai tsini don a san ba ta tuba ba, Zuliha a bayan uwarta, Enoch can kusa da ƙofa. A tsakiya ga daro, tarwaɗa na kwance a ciki tana motsa gashin baki kamar alƙalin da aka tayar daga barci.

"Ni hancina ya mutu," in ji Mainasara. "Na aro na wagga."

Ya karɓi kwalbar Nura, ya ɗiga a kan 'yar dusa, ya jefa a ruwan. Tarwaɗar ta matso, ta taɓa dusar da gashin baki, ta juya ta ba ta wutsiya.

Aka yi dariya. Nura ya ce, "Kifi bai san kaya ba. A kawo mutum."

"Yanzu kowa ya sa hannu."

Grace ta tuɓe zobe ta tsoma. Tarwaɗar ba ta motsa ba. Zuliha ta tsoma, haka. Nura ya tsoma hannunsa mai turare kala-kala, kifin ya tsere ƙarshen daron yana neman hanyar fita. Mai unguwa ma ya tsoma, ko da yake ba wanda ya zarge shi, don dai kada a bar shi a baya.

"Enoch."

"Ni hannuna da fenti."

"Ba ta damu ba."

"Na wanke shi da sabulu sau da yawa."

"Mi ya sa?" in ji Grace.

Enoch ya taho a hankali, ya durƙusa, ya tsoma yatsu. Tarwaɗar ta juyo kamar an kira sunanta. Ta zo ta kwantar da kai a tafin hannunsa, ta kama babban yatsansa tana tsotsa, inda dusa ke maƙalewa a ƙarƙashin farce. Ya janye, ta biyo. Ya kai hannun ɗaya gefen, ta riga shi isa.

Nura ya nuna Enoch. "Shi ne dattijon," in ji shi. "To ni ina zan san kifi yake nema?"

* * *

Enoch ya zauna a ƙasa, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"Innar Zuliha, kin ɗauka Juma'a kaɗai ta ci kwalban nan tun yana da rai? Ranar da Baturiya ta ba shi, ya buɗe cikin jirgi, ya zube kan dusa. Washegari gura ta ƙi ɗaguwa don nauyi. Tun ran nan, ɗigo guda ga dusa, ɗigo guda ga wuya. Ya sa na rantse ba ni gaya miki."

"Sa'ar da anka yi ta faɗi ke nan," in ji tsoho mai gyaran koma daga bayan taro. "Mu muna ta zuwa wurin malamai."

"Da ya tahi, kifi ya bi shi," in ji Enoch. "Philip ya kawo mai sayen jirgi har gida. Jirgin da munka sassaƙa tare. Na sayi na Nura na gwada, sunka ƙi. Ran da na ɗauke adakar, kwalbar ta yi ƙara a ciki. Na ce a raina, kifi ne mai tsananin hanci. Mutum ba ya ganewa."

Tabawa ta miƙe tsaye.

"Wato kai a ganinka tarwaɗa ta hi ni sanin mijina."

"Ban ce haka ba."

"Haka ka ce. Ka ba kifi na gaske, ka ba ni alewa."

"Na ƙara miki yawa," in ji Enoch da ƙaramar muryarsa.

Grace ta toshe baki da gyale. Mai unguwa ya yi tari mai tsawo. Sannan ya ce a kawo abin da ya rage. Enoch ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da 'yar kwalbar maganin tari, a naɗe da tsumma. Tabawa ta ɗaga ta a rana. Abin da ke ciki da ƙyar ya rufe gindin kwalbar.

Mai unguwa ya ce hukunci na hannunta: in ta ce hukuma, hukuma, in ta ce jirgin, jirgin. Enoch bai ɗaga kai ba.

Tabawa ta buɗe kwalbar ta shaƙa. Ta daɗe. Sannan ta juya ta dubi kwandon da ta zuba kayan cikin tarwaɗar jiya, wanda ta hana a zubar.

"Tun da ya rasu nika ɗiga wanga ga hula," in ji ta, ba ta dubi kowa ba. "Kullum sai in ji kamar ya shigo amma ya bar rabinshi waje. Na ɗauka mutuwa ce ta riƙe rabin. Ashe kifi ne babu." Ta rufe kwalbar ta miƙa wa Enoch. "Ran Alhamis ka zuba shi ga dusa. Duka. Gura guda. Abin da ya shiga nawa ne."

"Inna," in ji Zuliha, "in ya tafi fa shi ke nan. Babu wani."

"Na sani, ɗiyata. Ke kika duba min."

Karo na farko ke nan da ta yi mata magana ba ta bakin Mainasara ba.

"Jirgin fa?" in ji Enoch.

"Jirgin rabinshi na Malam ne, ba ka da ikon saidawa. In kifi ya ƙi ka bayan wanga, ka koyi kamun kihi kamar kowa. Kuma rufin da ka gyara shina yoyo."

* * *

Safiyar Juma'a gurar ta fito da tarwaɗa har sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Tabawa ba ta sayar da ko ɗaya ba. Ita da Zuliha da Grace suka gyara su, suka jera a kan waya, ta hura wutar banda da kanta. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko hular, ta warware ta, ta rataye a jikin sandar rumfar, inda hayaƙi ke bi.

Iskar tafki ta ɗauki hayaƙin ta ratsa unguwar da shi. Nura ya biyo shi tun daga bakin kasuwa da sirinji a aljihu, ya tsaya ƙofar gidan ya shaƙa, ya shaƙa, ya ce wannan kam ba ya kwaikwayuwa, ya koma.

Mainasara bai ji komai ba. Ya fito zai tafi masallaci, kansa a sunkuye, ya biyo ta gindin ɗorawar da tsofaffin masunta ke zama a kan dogon benci suna jiran kiran salla. Hirarsu suke yi ta tsadar koma, ba wanda ya ambaci kowa. Amma da hayaƙin ya iso, ya ga ƙafafunsu sun ja a ƙasa, na dama sun matsa dama, na hagu sun matsa hagu, ba tare da sun sani ba. A tsakiyar bencin aka bar gurbin mutum ɗaya, inda Jibrin kan zauna.

Ya tsaya ya dubi gurbin yadda yake duban sawu. Sannan ya zagaya ta bayan bencin, don kada ya taka.